Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

A garin Umdurman, hayin kogin Nilu daga birnin Hartum, akwai wani asibiti wanda mutanen wurin suke kira Dayat, watau ungozomai da Larabcinsu. An buɗe shi a shekara ta 1957 domin mata kaɗai, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuwa mata fiye da 30,000 suke haihuwa a cikinsa kowace shekara. A waɗannan shekaru, da sassafe akan ga mata jere a bakin ƙofa cikin dogon lulluɓin nan nasu da suke kira tob, waɗansu da tsohon ciki, waɗansu da jariri a hannu, a cikinsu kuma ba a rasa yarinya ƙarama wadda ranar ce zuwanta na fari. Ana gane ta da sunkuyar da kai da riƙe gefen mayafin uwarta. Tsoro take ji, kunya kuma ta rufe ta, amma ga ta a layi, gama uwarta ta kawo ta.

Umdurman ba garin Turawa ba ne. Garin Mahadi ne, garin kulle da lulluɓi, inda kunyar mace ba ta kasa ta Kano ko ta Sakkwato ba. Hausawa sun san shi tun da daɗewa, gama a dā ta nan mahajjata masu tafiya da ƙasa suke bi zuwa Sawakin su haye Bahar Maliya, da yawa kuma guzuri ya ƙare musu suka zauna, ana kiransu Fallata ko Takari. Bayan yaƙin Burmi a 1903, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu suka kafa garin da har yanzu yake ɗauke da sunansa. Saboda haka in an kawo zancen Umdurman ba wanda zai ce ai waɗannan wata irin al'umma ce dabam da ba ta san kunya ba. In uwa a wannan gari ta iya kama hannun 'yarta ta kai ta wurin likitan mata, me ya hana uwa mai bi a Wusasa ko Malumfashi ko Maraɗi?

Abin da yake faruwa a gidajen masu bi da yawa shi ne, yarinya takan girma, ta fara al'ada, ta shiga ajin baftisma, ta yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, a ɗaura mata aure a majami'a da farar riga, ta yi ciki, har ranar naƙuda ta zo, ba wanda ya san aikin jikin mace da ya taɓa dubanta ko sau ɗaya. In tana murɗawar mara kowane wata har ta kasa zuwa makaranta, sai a ce in ta yi aure zai bari. In jini ya yi mata yawa har tafin hannunta ya yi fari, sai a jiƙa mata saiwa. In ƙaiƙayi ya dame ta, sai a aiki ƙanenta kemis ya ce a ba shi maganin sanyi. Wanda kuma ya ce a kai ta asibiti sai a dube shi kamar ya yi saɓo, a ce, “Budurwa ce fa. Me za ta je yi wurin likitan mata? Kana so mutane su ce ciki gare ta?” Ana kiran wannan kunya, waɗansu har suna kiransa tsarki. Sunansa na gaskiya sakaci ne, da tsoron bakin mutane fiye da tsoron Allah.

Labarin yadda Umdurman ya kai ga wannan layi na bakin ƙofar Dayat yana da tsawo, ya kuwa cancanci a ji shi. A farkon mulkin Ingilishi, mace a can takan haihu ne a tsugune tana riƙe da igiya da aka ɗaura a rufin ɗaki, tsohuwar ungozoma tana ƙarƙashinta cikin duhu da wuƙa a hannu. Wuƙar dole ce, gama kusan kowace yarinya an yi mata irin kaciyar nan da suke kira ta Fir'auna, wadda ake yanke naman gaba a ɗinke, a bar ƙaramar kafa domin fitsari da jinin al'ada. Mace irin wannan ba ta iya haihuwa sai an tsaga ta. Likitocin gwamnati maza ne, baƙi ne kuma, ba mijin da zai yarda su shiga ɗakin matarsa. 'Yan mishan na C.M.S., Llewellyn Gwynne da Likita Frank Harpur, sun iso a 1899, amma gwamnati ta hana su wa'azi ga Musulmi, sai suka juya ga aikin magani da makarantun 'yan mata, daga baya C.M.S. ta gina asibiti a Umdurman. Duk da haka ɗakin haihuwa ya kasance a rufe gare su.

A shekara ta 1921 wata ma'aikaciyar jinya Baturiya mai suna Mabel Wolff, wadda ta iya Larabci, ta buɗe makarantar koyar da ungozomai a Umdurman a ƙarƙashin gwamnati. Daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta kama mata. Hikimarta ita ce ba ta tsaya yin gardama da kunyar mutanen garin ba. Ta bar mazaje da ƙin likita namiji, ta nemi matan da ake riga an yarda su shiga ɗaki, watau su tsofaffin ungozoman nan, ta koya musu. Yawancinsu ba su san ko harafi ɗaya ba, saboda haka ta koya musu gane magunguna da sansana da ɗanɗano da taɓawa. Ta koya musu wanke hannu da sabulu, da tafasa almakashi, da kwantar da mai naƙuda a gado inda za a ga abin da ake yi, da gane alamun da suke nuna cewa haihuwar nan ta fi ƙarfin gida a kira likita. Wadda ta gama sai a ba ta akwatin ƙarfe da kayan aiki a ciki, ta koma unguwarsu da fararen tufafi. Cikin ɗalibanta akwai Sitt Batul Muhammad Isa, 'yar ƙasar, wadda ta zama malama a makarantar, ta horar da mata masu yawa bayan Turawan sun tafi.

Ba za a ɓoye aibin aikin ba. Da Mabel Wolff ta ga ba za ta iya hana kaciyar nan gaba ɗaya ba, sai ta yarda ɗalibanta su yi wata mai sauƙi da kayan aiki masu tsabta, da fatan a hankali za a bari. Ba a bari ba. Abin da ya faru shi ne wuƙar ta koma hannun mai fararen tufafi, ta sami daraja. A 1946 gwamnati ta kafa dokar hana kaciyar Fir'auna, da aka ɗaure wata mata a garin Rufa'a saboda ita, jama'a suka yi bore ƙarƙashin Mahmud Muhammad Taha suka fito da ita. Likita Asma El Dareer ta tambayi mata fiye da 3,000 ta buga abin da ta samu a 1982 cikin littafi mai suna Woman, Why Do You Weep?, sunan da zai tuna wa mai karatun Bishara tambayar da aka yi wa Maryamu Magadaliya a bakin kabari. Kusan dukansu an yanke su. Binciken 2014 ya nuna wajen kashi 87 cikin 100 na matan Sudan masu shekara 15 zuwa 49 suna da kaciya, sai a 2020 aka sa hukuncin ɗaurin shekara 3 a kan mai yinta. Shekara 100 ke nan ana fama da abu ɗaya. Wanda ya yi sulhu da mugunyar al'ada domin a zauna lafiya, jikokinsa ne suke biyan bashin.

Amma ƙofar da makarantar ungozomai ta buɗe ba ta sāke rufuwa ba. A 1946 'yan mata biyu suka shiga makarantar likitoci ta Kitchener a Hartum, Khalida Zahir 'yar Umdurman da Zarouhi Sarkissian 'yar asalin Armeniya, suka fito a 1952, su ne mata na fari da suka zama likitoci a ƙasar. Tun kafin wannan, wani tsohon mayaƙin Mahadi mai suna Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya fara da 'ya'yansa na cikinsa da na maƙwabta, mutane suna yi masa dariya. Daga wannan iri ne kwalejin mata ta Ahfad ta tsiro a Umdurman a 1966, a 1990 kuma ta buɗe sashen koyar da likitoci mata. Malami Musulmi mai rawani ne ya fara da 'ya'yansa. Dattijon ikkilisiya wanda yake kukan cewa likitocin asibiti duk maza ne, ya kamata a tambaye shi 'ya'ya mata nawa ya haifa, nawa kuma ya bari suka wuce aji 3 na sakandare kafin ya karɓi sadakinsu. Wanda ya cire 'yarsa daga makaranta ba shi da bakin yin gunaguni a kan namijin likita, gama shi ne ya hana macen zuwa.

Yawancin tsoron da ake ji na zuwan fari, tsoron abin da ba a sani ba ne, saboda haka ya kyautu a faɗi abin da ake yi a ɗakin. Yarinya takan yanki kati ta zauna. In an kira ta, tambaya ce aikin fari, ita ce kuma mafi yawan aikin: shekarunta nawa, yaushe ta fara al'ada, kwana nawa take yi, yaushe ta ga ta ƙarshe, ina ne yake ciwo, tun yaushe. Sa'an nan a auna nauyinta da bugun jininta, a duba cikin idonta da tafin hannunta ko jini ya yi ƙaranci, a karɓi fitsari da ɗan jini a kai ɗakin gwaji. Takan kwanta a lulluɓe da zane likita ya danna cikinta ta waje. In akwai bukata a ɗauki hoton ciki, na'urar a bisa fata ake ɗora ta, ba ta da zafi. Budurwa wadda ba ta san namiji ba, galibi ba a sa mata hannu ko ƙarfe a ciki, in kuwa lallai sai an duba, dole a gaya mata dalili a nemi yardarta. Tana da iko ta ce uwarta ko yayarta ta tsaya kusa da ita, tana da iko ta roƙi mace ta duba ta in akwai, likita namiji mai bin ƙa'ida kuma ba ya duba mace sai da ma'aikaciyar jinya a tsaye. Sau da yawa dukan abin bai kai tsawon wa'azin ranar Lahadi ba.

A Umdurman wannan zuwa na fari yana da wani nauyi na musamman, gama a nan ne likita take ganin irin ɗinkin da aka yi wa yarinya tun tana ƙarama, ta shirya yadda za a buɗe shi kafin haihuwa, maimakon a tsaga ta cikin gaggawa da tsakar dare. A ƙasar Hausa ba a saba da ɗinkin Fir'auna ba, amma kada kowa ya yi fariya, gama akwai yankan gishiri, akwai cire angurya. In yarinya ta ƙi miji, ko naƙuda ta yi tsawo, ko al'ada ta ƙi zuwa, sai a ce gishiri ne, a kira wanzami ko tsohuwa da aska ta yanka a makance cikin jikin da ba ta ganin cikinsa. Mafitsara kuwa tana nan kusa, tsakaninsu bai fi kaurin fata ba. Wani likita mai suna Tahzib ya bincika mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka kai asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1969 da 1980, ya tarar kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu, mafi yawan sauran kuwa doguwar naƙuda ce. Abin mamaki shi ne, uban da ya ce kunya ta hana likita duban 'yarsa, shi ne yake barin wanzami, namiji kamar likitan, ya shiga ɗaki da aska. Ashe ba namiji ake gudu ba.

Doguwar naƙuda ita ma kunya tana da hannu a ciki. An koya wa yarinya cewa cikin fari abin ɓoyo ne, ba ta faɗa, ba a tambayarta, ranar naƙuda kuma jaruma ita ce wadda ba a ji muryarta ba. Sai ta shiga ɗaki ta cije zane kwana 2, kwana 3. In ƙugunta ya yi ƙanƙanta, musamman wadda aka aurar tun ƙashinta bai gama girma ba, kan jariri yakan tsaya ya matse naman da yake tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Jariri yakan fito ba rai, bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar rami, fitsari ya dinga zuba dare da rana. Daga nan miji ya mai da ta gidan iyayenta, a majami'a kuma ba mai son zama kusa da ita a benci. Cibiyar da aka buɗe a asibitin Evangel na Jos a 1992, da cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina inda Likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinki, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012, da cibiyar Likita Abbo a Hartum, duka domin irin waɗannan mata aka kafa su. A gode wa Allah saboda su. Amma kowane gado a cikinsu shaida ne a kan wani gida da ya ƙi kai 'yarsa awo. Da an auna ta a wata na 3 ko na 4, da an gaya mata ta haihu a inda za a iya yi mata fiɗa in hanya ta ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abu kuma da ya shafi dattawan ikkilisiya kai tsaye, ba zai yi daɗin ji ba. A ikkilisiyoyi da yawa, ranar fari da ake aika yarinya asibiti da izinin majalisa ita ce sa'ad da aurenta ya kusa, a ce ta kawo takardar gwajin ciki da ta ƙanjamau da ta sikila. Gwajin sikila da na ƙanjamau suna da kyau, suna ceton rayuka. Amma a duba abin da yarinyar ta koya: shekara 10 tana fama da ciwon mara ba wanda ya ce a kai ta, yanzu da sunan ikkilisiya yake cikin hatsari an sami kuɗin mota. Ta shiga ɗakin likita kamar wadda ake tuhuma, takardar kuma ba ita za a ba ba, kwamiti za a miƙa wa. Waɗansu iyaye har sukan kai 'yarsu su ce likita ya duba ko budurwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba wani dubawa da zai iya tabbatar da wannan, ta kuma ce a daina. Likitan da ya karɓi kuɗi ya ba da irin wannan shaida ƙarya ya sayar, uban da ya nema kuwa ya koya wa 'yarsa ƙin asibiti har tsufanta.

Ya kamata dattawa su san wannan kuma: ba kowane kumburin ciki ne juna biyu ba. Akwai yarinyar da aka haifa da tantanin gabanta a rufe ruf, jinin al'ada ya rasa mafita ya taru a ciki wata bayan wata, cikinta ya tasa, ba ta kuwa taɓa ganin al'ada ba. Ƙaramin aiki ne a asibiti ya warware shi. Akwai ƙari a mahaifa, akwai ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, duka suna ɗaga ciki su rikita al'ada. Majalisar da ta sa yarinya a ƙarƙashin horo, ta hana ta Jibin Ubangiji, ta mai da ita bencin baya saboda abin da matan unguwa suka hanga da ido, ba tare da likita ya duba ta ba, tana iya zama ta hukunta marar lafiya. Wa zai tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya mayar mata da sunanta?

Masu cewa addu'a ta isa suna bukatar su sāke buɗe Markus sura 5. Matar nan ta yi shekara 12 tana zubar jini. Bisa ga Littafin Firistoci sura 15 ita marar tsarki ce, duk abin da ta taɓa ya ƙazantu, saboda haka ta zo ta baya a ɓoye, kamar yadda aka koya mata. Ubangiji ya warkar da ita, ya kuwa iya barinta ta sulale ta tafi da asirinta. Bai bari ba. Ya tsaya a tsakiyar taro, shugaban majami'a yana jiransa, har ta fito ta faɗi dukan abin da yake damunta a gaban maza da mata, sa'an nan ya kira ta 'yarsa. Ciwon da ikkilisiya take jin kunyar ambata a yau, Almasihu ya sa an ambace shi a bainar jama'a, Ruhu Mai Tsarki kuma ya sa an rubuta shi cikin Bishara 3. Gaskiya ne Markus ya ce ta sha wahala a hannun masu magani da yawa ta ƙarar da dukiyarta, masu ƙin asibiti kuma suna son wannan aya ƙwarai. Amma wanda ya rubuta Bishara ta uku likita ne, Bulus kuma bai ce masa ya bar aikinsa ba. A cikin wannan sura dai, uba ne, Yayirus, mutum mai matsayi, ya zubar da girmansa ya fāɗi a ƙasa saboda 'yarsa mai shekara 12. Cikin Fitowa sura 1 kuma Allah ya sāka wa ungozomai biyu, Shifra da Fuwa, aka rubuta sunayensu, sunan Fir'aunan kuwa ba a rubuta ba. Ba wanda ya hana addu'a. A yi ta a gida kafin a fita, a yi ta a layi, a yi ta a bakin ɗakin fiɗa. Amma mai bin da yake kai babur ɗinsa wurin makaniki da ya ji ƙara kaɗan, ya kuma ce matarsa ta ba da gaskiya kawai, ba bangaskiya yake nunawa ba.

Akwai hujja ɗaya ta masu gudun asibiti wadda take da gaskiya a ciki, dole kuma a amsa ta. Waɗansu ma'aikatan jinya suna da mugun baki. Yarinya ta zo da rawar jiki, a daka mata tsawa gaban mutane, a tambaye ta abin kunya da babbar murya ƙofa a buɗe, mai naƙuda ta yi kuka a ce mata lokacin da take jin daɗi wa ta kira. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya ba ta komowa, za ta kuma hana ƙannenta. Da yawa daga masu wannan hali sun fito daga makarantun mishan, suna sa kayan zumunta ranar Lahadi. Fasto da yake wa'azi a kan gajeren siket, ya ware Lahadi ɗaya ya yi wa'azi a kan wannan. Zancen kuɗi ma gaskiya ne, kati da gwaji da mota ba kyauta ba ne. Amma gidan da ya iya ɗinka ankon biki ya yanka akuya ranar suna, bai rasa kuɗin awo ba, zumuntar mata da take tara kuɗi ta saya wa baƙon mai wa'azi buhun shinkafa kuma tana iya ajiye asusu domin 'yan matan da iyayensu ba su da hali. Waɗansu abubuwan ma ba a biya. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da take kawo sankarar bakin mahaifa, kyauta, amma aka sami iyaye masu bi cikin waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu saboda jita-jitar waya cewa allurar hana haihuwa ce.

Matan Hartum da Umdurman sun ɗanɗana abin da rashin wannan ƙofa yake nufi. Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa da dakarun R.S.F., asibitoci da yawa na babban birnin suka tsaya, Dayat ma aka rufe shi, sai a 2024 aka sāke buɗewa. A tsakanin nan mata suka haihu a gidaje da kan hanyar gudu, masu bukatar fiɗa suka ratsa shingayen 'yan bindiga da dare suna neman asibitin da ya rage da wuta da likita, waɗansu ba su kai ba. Ungozoman unguwa, magadan aikin da aka fara a 1921, su ne suka riƙe abin da ya saura da ɗan abin da yake cikin akwatunansu. Waɗannan mata bindiga ce ta tsare musu hanya. A garuruwan da asibiti yake buɗe, mota tana tafiya, ba abin da ya tsare hanyar yarinya sai maganar ubanta da shirun uwarta.

Aikin na uwa ne da farko, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in uwa ba ta nan sai goggo ko inna ko matar fasto. Yarinyar da ta kai shekara 15 ko 16 ba ta ga al'ada ba, da wadda ciwon mara yake kwantar da ita, da wadda jininta yake wuce mako guda, da wadda take ganin ruwa mai wari ko ƙullutu a nono, da wadda aka sa ranar aurenta, da amaryar da ta yi ɓatan wata, duk a kai su, kada a jira ciki ya fito. Daren da za a tafi uwa ta zaunar da ita ta ce, “'Yata, gobe za mu asibiti. Ba laifi kika yi ba, ba kuma wanda ya ce kin yi. Abin da likita ya tambaye ki ki faɗa masa gaskiya, ina nan kusa da ke, in kuma kina so in fita waje sai ki gaya mini.” A rubuta ranar al'adarta ta ƙarshe a takarda, a haɗa da kwalayen magungunan da ta riga ta sha, har da na gargajiya, a ɗauki zane na ƙari. Uban kuwa ya ba da kuɗin mota da na kati tun da dare, domin su kama layi da wuri.